Ranar da Na Karanta wa Alhaji Ilu Abin da Ba a Rubuta Ba

'Ya'yana, na san abin da kuke faɗa a bayana. Wai Baba ya zama ɗan gayu da tsufansa, kullum da safe ga igiyar sauraro a kunne kamar ɗan okada. Jikoki ma sun laƙaba mini suna, wai Baba Rediyo. Ba na jin haushi, don ni ma in na ga tsoho yana tafe a titin unguwarmu Sabo, nan ƙasar Yarbawa, yana gyaɗa kai shi kaɗai, dariya zan yi masa. Amma akwai abin da ba ku sani ba. A cikinku Hadiza kaɗai ta san shi, ita kuwa bakinta na da nauyi. Kun daɗe kuna jin cewa ciwon suga ne ya ci ƙafar aminina, Alhaji Ilu mai goro. Gaskiya ne, amma ba a nan maganar ta tsaya ba. Da bakina a ciki, kuma na fi son ku ji daga gare ni kafin ku ji daga wanda ba ya ƙaunata.

Majalisarmu a ƙofar shagon Alhaji Ilu take, kun san wurin, benci biyu da tabarma, bayan la'asar. Mutanen da ke zama a nan ba jahilai ba ne. Akwai mahaddata, akwai masu rubuta wasiƙa da ajami su aika har Sakkwato, kuma kusan dukkanmu muna jin Yarbanci kamar a cikin Yarbawan unguwar Oje aka haife mu. Turanci ne kawai ya gagare su, ni kuwa na koyar a firamare har na yi ritaya, shi ya sa ba wanda ke kirana da sunan yanka, sai Ticha. Sama da shekara talatin ni ke sayen jarida a Mokola, in zo in buɗe, in karanta a zuci, in fassara musu da Hausa layi bayan layi. A wannan majalisa labari iri biyu ne. Akwai "an ce", wanda kowa na iya kawowa daga tasha ko kasuwa, kowa kuma na iya ƙaryatawa. Akwai kuma "takarda ta ce", wanda daga bakina kaɗai yake fita. Idan gardama ta yi zafi har jijiyoyin wuya suka tashi, sai wani ya juyo ya ce, Ticha, me takarda ta ce? In na faɗa, magana ta mutu. Ba wayo na yi musu ba, tsawon shekarun nan ban taɓa ƙara ko kalma ɗaya da ba ta cikin takarda ba, kuma sun gwada ni sun gani. Ba zan ɓoye muku ba, ina son wannan kujera. Na fi son ta a kan fanshona.

Da jarida ta fara wuyar samu sai na koma waya. Hadiza ce ta saya mini, ta nuna mini yadda ake buɗe shafukan labarai, da yadda ake ajiye rubutu don a karanta daga baya. Wannan ajiya ita ce ta zama cutata. Na ga abu a kan farashin albasa, in ajiye. Na ga na siyasa, in ajiye. Na lafiya, na tarihi, na aikin hajji, duk in danna in ce sai anjima. A daidai lokacin ne kuma idona ya fara yin hazo. Da farko na ɗora laifin a kan tabarau, na sake wani, na sake wani. Na ƙara girman haruffa har ya zama kalma huɗu ce ke cika fuskar wayar, in karanta layi biyar sai hawaye, sai ciwon kai. Innarku ta ce in je asibiti, na ce mata idon da ya karanta jarida shekara talatin ya san aikinsa. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina tsoron wuƙar likita, ina kuma tsoron a ji a majalisa cewa Ticha ba ya gani. Ajiyar nan ta yi ta taruwa kamar kayan wanki, ban karanta ko ɗaya har ƙarshe ba.

To me nake yi bayan la'asar? Dabara na samu. Kanun labari da manyan haruffa ake rubuta shi, wannan ina iya gani. Da safe kuma na saurari rediyo. Sai in haɗa kanun da abin da na ji, in cike sauran da sanin da na yi wa 'yan jarida, don na san yadda suke farawa da yadda suke ƙarewa. In riƙe wayar nesa da fuska, in riƙa jan yatsa a kai a hankali, ina cewa takarda ta ce kaza, takarda ta ce kaza. Wallahi na ƙware. Kusan shekara guda ina haka ba wanda ya ɗago ni, har na fara gaya wa kaina cewa ba ƙarya nake yi ba, taƙaitawa ce.

Wata Laraba cikin damina aka shiga hirar ciwon suga. Alhaji Ilu ya daɗe da shi, yana shan ƙwayoyi safe da yamma, kuma ya tsane su. Ya ce suna sa shi jiri, suna kashe masa baki har goro ba ya masa daɗi, shi da ya yi rayuwarsa a kan goro. Alhaji Mudi mai albasa, wanda ke da rumfa a kasuwar Bodija, ya ce wata Bayarabiya mai agbo, wato jiƙonsu na gargajiya, ta gaya masa ruwan shuwaka, abin da suke kira ewuro, yana kashe suga murus. Aka yi ta ja. Na tuna akwai wani rubutu da na ajiye da hoton ganyen shuwaka a samansa, na lalubo shi. Kanun ya yi tambaya ne, ko shuwaka na rage suga a jini. Iyakar abin da na gani ke nan.

Alhaji Ilu ya ce, "Ticha, bar Mudi da an ce ɗinsa. Me takarda ta ce?"

Na gyara tabarau na ce, "Takarda ta ce likitoci sun gwada, yana saukar da suga sosai."

"Har mutum ya bar ƙwaya?"

A nan ne ya kamata in ce ban kai wurin ba tukuna. Amma Mudi na kallona, kowa yana jira. Na ja yatsa a kan wayar kamar ina neman layin.

"Ta ce wanda ya dage da shi safe da yamma, ƙwaya ba dole ba ce."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji Ilu. Ya ɓare farin goro ya miƙo mini rabi.

Na karɓa na ci. Kafin magariba na manta da maganar gaba ɗaya, don a wurina hira ce kamar sauran hirarraki. Shi kuwa bai manta ba. Tun washegari ya sa matarsa, Hajiya Ladi, ta fara matse masa shuwaka, ya tattara ƙwayoyin ya jefa a ƙasan akwati. Bayan kamar wata biyu salansar okada ta ƙone shi a ƙwauri yana saukowa a Mokola, ƙuna 'yar ƙarama, kowa a garin nan yana da tabon irinta. Tasa ta ƙi warkewa. Ya riƙa zuwa majalisa da tsumma a ɗaure, yana ɗingishi, yana shan ruwa kamar raƙumi, yana ramewa. Muna ce masa sannu, yana cewa da sauƙi. Ni da nake zaune kusa da shi kullum, ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba.

Hadiza ce ta haɗa. Kun san a kantin magani take aiki a Mokola, kuma a wurinta Hajiya Ladi ke sayen maganin mijinta. Da ta ga wata uku ba a zo ba, sai ranar da Hajiyar ta shigo neman bandeji ta tambaye ta. Hajiya Ladi ta ce ai Alhaji ya bar ƙwaya tuntuni, babanki ne ya karanta musu a takarda. A ranar Hadiza ta sa aka ɗauki Alhaji Ilu a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, aka ba shi gado. Daga can ta wuce gida da rana tsaka, ko mayafi ba ta cire ba. Ina zaune a tsakar gida, Innarku na tsinke alayyafo.

"Baba, ina rubutun da ka karanta wa Baba Ilu a kan shuwaka?"

"Ke da ba ki gaishe ni ba, sai tambaya kamar 'yar sanda? Kilode, me ya faru?"

"Yi haƙuri, Baba. Ina wuni. Don Allah ba ni wayar."

Na ba ta. Ta nemo rubutun, ta miƙo mini, ta ce in karanta mata sakin layi na ƙarshe. Raina ya ɓaci, na ce ni na koya mata ABCD, ba ita za ta yi mini jarrabawa ba. Ta tsaya da wayar a hannu. Na karɓa, na kai ta kusa, na kai ta nesa. Baƙaƙen nan suka zama kamar tururuwa a cikin ruwa. Innarku ta ajiye tiren alayyafo.

Hadiza ta ce a hankali, "Tun yaushe, Baba?"

Ta karɓi wayar ta danna wani abu, sai ga muryar mace tana karanta rubutun da Turanci, tiryan-tiryan, ba gaggawa. Ban taɓa sanin wayata na iya haka ba. Na zauna ina jin abin da na ce na karanta. Rubutun ya ce akwai masu ganin ganyen na ɗan taimakawa, amma ba a tabbatar ba. Can ƙarshe ya ce kada mai ciwon suga ya kuskura ya bar maganin likita saboda wannan, kuma ya sake maimaitawa. Sau biyu ya faɗa. Na ce ta sake sawa, ta sake. Ba abin da ya canza.

Bayan mako guda aka yanke ƙafar Alhaji Ilu daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da an zo da wuri, da wata maganar ake yi.

Ga inda nake so ku saurara da kyau, don a nan ne na kusa zama mutumin banza. Ba wanda ya zarge ni. Majalisa gaba ɗaya ta ɗora laifin a kan masu rubutu a intanet. Alhaji Mudi ya yi ta tsine musu, wai maƙaryata ne, sun yaudari Ticha sun yaudari Ilu. Ƙofa a buɗe take, shiru kawai zan yi in wuce. Innarku ma da farko shirun ta zaɓa mini, ba don ba ta da tsoron Allah ba, don tana tausayina.

Ta ce, "Malam, faɗar ba za ta mayar da ƙafa ba. Ka roƙi Allah gafara, ka je a duba idon, a wuce wurin."

Hadiza ta ce, "Inna, gobe wani zai sake tambayarsa me takarda ta ce."

Na daka musu tsawa su biyun na shige ɗaki. Na daina zuwa majalisa, na ce ba ni da lafiya. Amma kafin Hadiza ta koma gidanta sai da ta tattara duk abin da na ajiye a wuri ɗaya, ta jera su, ta nuna mini maɓalli guda babba da zan danna, muryar ta ɗauko daga na farko. Ta rage mata sauri, ta sayo mini igiyar kunne. Kwana biyu ban taɓa ba. Rana ta uku, da na dawo daga sallar asuba, na zauna a zaure na danna. Ba don son ilmi na fara ba, kada wani ya yi mini wannan ado. So nake in san sau nawa na yi ƙarya. Kowace safiya in saurari uku, daga farko har ƙarshe, in tuna abin da na gaya wa majalisa a kansu. Wani na dace, wani na kauce kaɗan, wani kuwa abin da na faɗa da abin da aka rubuta ko hanya ba su haɗa ba. Akwai wanda na ce gwamnati ta hana abu, alhali cewa aka yi ana tunanin hanawa. Akwai mutumin da na ce an kama, ashe gayyatarsa aka yi ya amsa tambaya ya koma gida. Haka na yi sati uku ina jin ƙaryata da kunnena, da muryar wata mata da ba ta san ni ba, ba ta kuma jin kunyata. Abinci ya daina shiga.

Ranar da aka sallamo Alhaji Ilu, 'yan majalisa suka taru a zaurensa bayan la'asar don yi masa sannu. Yana kishingiɗe a katifa, an rufa masa zane. Na bari aka gama addu'a, sannan na ce ina da magana. Na gaya musu shekara guda ke nan ba na ganin ƙananan haruffa. Na ce abin da na faɗa a kan shuwaka ba ya cikin takarda, daga kaina na ƙago shi, takardar ma gargaɗi ta yi. Na ajiye wayar a tsakiya na danna, muryar ta karanta, ina tsayar da ita ina fassarawa, har wurin da ta ce kada a bar magani. Bayan labule na ji Hajiya Ladi ta ce innalillahi, ta fashe da kuka.

Alhaji Mudi ne ya fara magana. "Shekara guda, Ticha? Muna zaune kamar tumaki kana jan yatsa a kan gilashi?"

"Shekara guda."

"Ashsha. Wallahi da wani ne ya gaya mini, sai na mare shi."

Alhaji Ilu bai kalle ni ba. Rufin ɗaki yake kallo. Can ya ce, "Ƙafa dai Allah ya rubuta kwananta. Ku tashi ku ba ni wuri, na gaji."

Ba a kore ni daga majalisa ba, mutanen Sabo ba sa haka. Ana gaishe ni, ana matsa mini a benci. Amma daga ranar ba wanda ya sake juyowa ya tambaye ni abin da takarda ta ce. In gardama ta tashi, sai wani ya kira ɗansa a waya. Hajiya Ladi ta yi shekara tana amsa gaisuwata da "lafiya" ɗaya tak. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ban ga laifin kowa ba. Daga baya na yarda aka yi mini aikin ido, yanar ido ce ashe, na dama ya buɗe har ina iya wannan rubutu da babban alƙalami. Aikin da na guje wa shekara biyu bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Amma ban koma karatu a waya ba, saurare ya riga ya zama mini jiki, kuma na gano yana da wani amfani: ido na iya tsallake layi ya ce ya gani, muryar nan kuwa ba ta tsallake komai, sai ka zauna ta kai ka ƙarshe. Na kafa wa kaina doka. Ba na ajiye abin da ya fi uku a rana. Abin da na ajiye yau, gobe bayan asuba nake jin sa, ina tafe daga masallaci zuwa shataletalen Mokola in dawo. Wanda ya shafi lafiya ko sunan mutum sau biyu nake ji. Abin da ban ji ƙarshensa ba, ba ya fita daga bakina ko da a gaban Innarku ne.

Kamar wata huɗu bayan sallamarsa, Alhaji Ilu ya aiko Hajiya Ladi da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Innarku, Alhaji ya ce zaman ɗaki ya ishe shi, Ticha ya zo da matar nan mai karatu. Na sa hula ko daidai ban sa ba na fita. Tun daga ranar, in na gama zagayena na safe, zaurensa nake wucewa. In cire igiyar, in ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu, ta karanta, in tsayar, in fassara. Ya koma shan ƙwayoyinsa, yana tsine musu kamar da. Muna gardama, muna dariya, wani lokaci Hajiya Ladi ta turo mana koko da ƙosai. Na ɗauka komai ya koma yadda yake.

Wata safiya muna jin wani dogon rubutu a kan noman goro a ƙasar Yarbawa. Muryar ta yi wani sakin layi mai tsawo, yawancinsa maimaici ne, sai na dunƙule shi a jimla biyu na kai hannu zan danna mu ci gaba. Alhaji Ilu ya riƙe mini hannu.

"Mayar da ita baya."

"Ba wani abu ba ne, Alhaji, maimaita abin da ta faɗa ɗazu ta yi."

"Ta yi magana mai tsawo, kai ka faɗi gajere. Mayar da ita, ka ba ni ɗaya bayan ɗaya."

Ba da faɗa ya faɗa ba, fuskarsa a sake take, har da ɗan murmushi. Mutumin da muka yi shekara arba'in tare, wanda da can in na ce takarda ta ce gobe za a yi ruwa sai ya kwashe goronsa daga waje. Ba ya jin Turanci, amma yanzu yana auna tsawon maganarta da tsawon tawa. Na mayar da ita baya, na ba shi ɗaya bayan ɗaya.

Shekara shida ke nan, kuma har yau haka muke yi. Ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa a gaban mutane, na kuma yarda har zuciyarsa ne. Amma duk safiya in ina fassara, idonsa na kan wayar, kunnensa na ƙirga. Ban taɓa ce masa ya daina ba, ba kuma zan ce ba.